RIGAR SANYIN MASUNTAN SIKOTLAND DA MATAN DA SUKA SAƘA TA

Jawabin da wakilin 'yan gwanjo ya gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata

 

  

Shugabanni sun tsara cewa a kowane zama wani rukuni na 'yan kasuwa zai tashi ya yi wa jama'a bayani a kan kayan da yake sayarwa. Yau layi ya zo kanmu, mu 'yan gwanjo. Mun zaɓi rigar sanyi, wato suwaita, tun da hunturu ya ƙarato, ana ta kwance dila a Katangowa ana ɗaure kaya zuwa Kano da Jos da Zariya. Amma a cikin suwaita ɗin ma iri ɗaya tak za mu ɗauka, wadda masunta ke sawa a ƙasar Sikotland, su suna kiran ta "gansi". Dalilinmu kuwa shi ne, riga ce mai labari biyu. Akwai labarin da dillalai ke sayar da ita da shi, akwai kuma labarinta na gaskiya. Ɗan kasuwa ya kamata ya iya raba waɗannan biyun.

Sikotland ita ce arewacin tsibirin Biritaniya, tana saman Ingila. Gabas da ita akwai Tekun Arewa, ruwa mai tsananin sanyi da iska. A cikin wannan teku ake kama wani kifi da Turawa ke kira herin. Kada sunan ya ruɗe ku, kun san shi sarai. Shi ne wanda iyayenmu mata ke saya a wurin masu kifin ƙanƙara da sunan shawa. Wannan kifi yana tafiya ne garke-garke, miliyoyi a haɗe, kuma garkunansa suna bayyana a wurare daban-daban bisa lokacin shekara. Da bazara ana samun sa can arewa wajen tsibiran Shetland, sai kamun ya riƙa gangarowa kudu, har ya ƙare a gaɓar Ingila gab da ƙarshen shekara.

A ƙarni na 19 wannan kifi ya gina garuruwa. Wasu mutanen ma ba da son ransu suka zama masunta ba. Masu manyan filaye sun kori talakawa daga gonakinsu na cikin tudu don su zuba tumaki, aka tura su bakin teku aka ce su nemi abinci a ruwa. Garin Helmsdale haka aka kafa shi. A Wick kuma aka gina tashar jiragen su ta musamman, har a shekarun 1860 jiragen da ke taruwa a can lokacin kamun kifi suka haura 1,000. Jiragen nan masu filafilai ne, iska ke kora su. Akwai ma wani samfuri da aka fara ƙerawa a 1879 suka raɗa masa suna Zulu, saboda a shekarar ce Ingilishi ke yaƙi da Zulu a kudancin Afirka.

To, mutumin da zai kwana a irin wannan jirgi yana jan taru da hannu, ruwa mai sanyin ƙanƙara na dukansa, wace irin riga zai sa? Amsar da matansu suka bayar ita ce gansi. Bari mu tsaya a nan mu duba ta da kyau, don duk abin da ke jikinta da dalilinsa.

Da zaren ulu ake yin ta, mai ƙarfin murɗi, galibi sili biyar aka murɗe wuri ɗaya, launinsa kuma shuɗi mai duhu, kusan irin na turkuɗi. Tsinkayen saƙar na ƙarfe ne, sirara ƙwarai, guda huɗu ko biyar, masu tsini gaba da baya. Mai saƙa tana zagayawa ne tun daga gindin riga tana hawa sama, saboda haka rigar ba ta da ɗinki ko ɗaya. Mu da muke harkar tufafi mun san inda riga ke fara mutuwa, wato wajen ɗinki. Wannan ba ta da inda za ta farke. Saƙar kuma a matse take, ana samun idon saƙa kusan goma a tsawon inci ɗaya, a wasu garuruwan ma fiye, har iska ba ta ratsa ta, yayyafi kuma sai ya daɗe kafin ya kai ga fata. Ulu kuwa yana da wata baiwa da auduga ba ta da ita: ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi.

A ƙarƙashin hammata suna saƙa wani ɗan ƙari mai kusurwa huɗu, domin mutum ya ɗaga hannu ya ja igiya ba tare da rigar ta ɗage ko ta tsage ba. Rigar tana kama jiki, hannunta kuma ba ya sauka har kan tafi, don kada ƙugiya ko igiya ta kama shi, don kuma kada jiƙaƙƙen bakin hannu ya riƙa goge fata har ya yi gyambo. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda suke saƙa hannun daga kafaɗa zuwa ƙasa. Hannu shi ke fara cinyewa. In ya cinye, sai matar ta warware shi daga baki zuwa gwiwar hannu, ta sake saƙawa da sabon zare. Shi ya sa a tsofaffin rigunan za ka ga rabin hannu launinsa ya bambanta da sauran jiki. Da yawa kuma gaba da baya iri ɗaya ne, mutum yana juya ta don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya tsufa. Riga ɗaya takan ci makonni ana saƙa ta, amma takan yi shekaru masu yawa a jiki.

Ado kuwa, ba da zare mai launi suke yin sa ba. Da juya idon saƙa kawai suke fito da zane, launi ɗaya ne amma ka ga igiya, ka ga tsani, ka ga anka, ka ga idon taru, ka ga ƙayar kifi. Akwai wani zane mai karkace-karkace da suke kira layin aure, wai don aure hawa da gangara ne. Adon yakan fi yawa a ƙirji, kuma nan ma da hikima, domin yana ƙara wa wurin kauri. A Sikotland sukan sa maɓallai a gefen wuya. Mutum yakan mallaki ta aiki, ya kuma mallaki ta ado wadda yake sawa ran Lahadi ko ran biki.

Haɗarin da ake saƙa wa wannan riga ba na wasa ba ne. Ran 19 ga Agusta 1848 guguwa ta faɗa wa jiragen gabashin ƙasar, jirage 124 suka salwanta, masunta 100 suka mutu. Wadda ta fi muni ita ce ta ran Juma'a 14 ga Oktoba 1881. Da safe gari ya yi lumui, ko da yake na'urar auna iska ta nuna akwai matsala. Masuntan garin Eyemouth suna da al'ada, in jirgi ɗaya ya fita duka za su fita. Suka fita. Wajen tsakar rana iska ta taso. Wasu jiragen sun juyo gida, suka tarwatse a kan duwatsun bakin tashar, mata da 'ya'ya suna tsaye a gaɓa suna kallo ba abin da za su iya. Mutum 189 suka halaka a ranar, 129 daga cikinsu 'yan wannan ƙaramin gari ne. Jama'a, ku auna a ce unguwarmu nan ta rasa magidanta 129 tsakanin azahar da magariba.

Saboda tsoron sanyi, a wasu ƙauyukan da ba su da tasha, mata ne ke goya mazansu su ratsa ruwa da su har cikin jirgi, don namiji ya fara aikinsa da busassun kaya. Su ne kuma masu tsintar abin sa wa ƙugiya, su ɗaura shi a mamari mai ƙugiya ɗaruruwa, su ɗauki kifi a kwando a baya su shiga ƙauyuka talla. A tsakanin waɗannan ayyuka ake saƙar. Suna ɗaura wata 'yar jakar fata a ƙugu, cike da gashin doki, su soke tsinke ɗaya a ciki ya tsaya, sai su riƙa saƙa suna tafiya suna hira.

Yanzu sai mu zo kan 'yan matan herin, waɗanda a ganinmu su ne ƙashin bayan wannan labari. A wancan zamani babu ƙanƙarar adana kifi irin ta yau, herin kuwa mai maiƙo ne, ba ya jimawa yake lalacewa. Dole a fiɗe shi a sa masa gishiri a ranar da aka kama shi. Wannan aiki mata ke yin sa, dubbai, daga ƙauyukan gaɓa da tsibiran yamma. Tun kafin lokaci mai gishirta kifi yake zuwa ya ba su kafin alƙalami, ya ɗaure su da aikin shekarar. Daga nan sai su bi jirage gari-gari: Stornoway da Lerwick, sannan Wick da Fraserburgh da Peterhead, har su dire a Great Yarmouth da Lowestoft cikin Ingila wajen Oktoba. Mu da muka baro gida muka zo Kurmi neman abinci, ba sai an fassara mana wannan ba. Ci-rani ne sosai, sai dai na mata.

Uku-uku suke aiki, biyu suna fiɗa, ɗaya tana jerawa a ganga, kifi gishiri, kifi gishiri. Gwanar cikinsu takan fiɗe kifi har 60 a minti ɗaya. A fili suke tsayawa, cikin iska da ruwan sama, tun safe har dare in kamu ya yi yawa. Suna naɗe yatsunsu da tsumma saboda wuƙa, don in gishiri ya shiga yanka, kowa ya san abin da ake ji. Biya kuwa bisa yawan ganga ne, su raba uku. Duk lokacin da jirage ba su iso ba, sai ka gan su a bakin tasha kowace da tsinkayenta tana saƙa wa uba ko wa ko saurayi. 'Yar wannan gari ta leƙa hannun 'yar wancan gari, ta ga zanen da ya burge ta, ta ɗauke shi da ido ta kai gida. Ba takarda, ba rubutu, da ka ake riƙewa.

Wannan ya kawo mu ga labarin dillalai. Duk inda ake tallar irin wannan riga za a gaya maka wai kowane ƙauye da zanensa, kowane gida da nasa, domin in teku ta turo gawar da ba a iya gane fuskarta, a duba rigar a san inda za a kai ta. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma yana sa mai saye ya buɗe jaka. To amma waɗanda suka zauna suka bi tsofaffin hotuna da tsofaffin riguna sun tarar da zane ɗaya a garuruwa masu nisa da juna, sun kuma tarar da zane iri-iri a gari guda. Ba abin mamaki ba ne, tun da mun ga yadda 'yan matan nan ke kwashe zane daga gari zuwa gari. Akwai wuraren da suka yi suna da salonsu, kamar tsibirin Eriskay da rigarsa ke cike da ado tun daga sama har ƙasa, amma salon wuri daban, tambarin gida daban. Wani abin da ya ƙara wa labarin ƙarfi shi ne wasan kwaikwayo da wani marubucin ƙasar Ailan, J. M. Synge, ya fitar a 1904, inda wata yarinya ta gane ɗan'uwanta ya nutse saboda ta shaida safar da ita ta saƙa masa. Daga baya masu sayar da suwaitar Ailan ga Amurkawa suka faɗaɗa abin, ya zama wai kowace zuriya da nata zane.

Gaskiyar da ke ciki ita ce, mace ta san hannunta. Ta san inda ta yi kuskure ta gyara, ta san zaren da ta sake wa hannu da shi, wasu ma suna saƙa haruffan farko na sunan mai rigar a can ƙasa wajen ƙugu. Kamar dai mai ɗinkin hula ne, ka zuba masa hula ɗari, zai zaro tasa. Mu a wurinmu wannan ya fi na dillalan nauyi, domin wadda ta zauna makonni tana saƙa rigar ta san watakila ita za a kira ta shaida ta.

Wani abu kuma da ba a sawa a cikin talla, kuma ya shafe mu 'yan kasuwa kai tsaye. A tsibiran Shetland, inda mata ke saƙa don sayarwa, 'yan kasuwar wurin ba sa biyan su da kuɗi. Sai dai su ba su ganyen shayi ko yadi daga kantinsu, a farashin da su suka yanka. Mace ta kawo aikin makonni, ta koma gida da kayan da ba ta nema ba, wani lokaci ta sake karyar da su don ta sami abin sayen gari. Gwamnati ta aika aka yi bincike a kan haka a 1872, amma al'adar ba ta mutu sosai ba sai lokacin yaƙin duniya na biyu. Wannan zalunci ne, ko wane suna aka ba shi. Duk wanda ke karɓar aikin hannu daga matan aure a cikinmu, hula ce ko saƙa, ya ji wannan da kyau.

Yaya aka yi sana'ar ta faɗi? Ba teku ce ta fara kayar da ita ba, kasuwa ce. Mutanen Biritaniya ba su ne manyan masu cin gishirtaccen herin ba. Jamus da Rasha da ƙasashen gabashin Turai ke saye. Hukuma tana duba ganga ta buga mata tambarin kambi, mai saye a can nesa ya biya ba tare da ya buɗe ba. A 1907 an gishirta ganga 2,500,000. Ana cikin haka yaƙin 1914 ya tashi, babban mai saye ya zama abokin gaba. A 1917 aka yi juyin mulki a Rasha. Bayan yaƙi kuɗin Jamus ya lalace, ƙasashen da ke saye kuma suka gina jiragensu. Kun ga ƙofa biyu da aka dogara da su sun rufe kusan lokaci guda. Abin da ya saura kuma, manyan jirage masu inji da taru na zamani suka kwashe shi a shekarun 1960, har kifin ya kusa ƙarewa. A 1977 aka hana kamun herin a Tekun Arewa, ba a sake buɗewa gaba ɗaya ba sai 1983. Kifin ya farfaɗo, Peterhead ma ta zama babbar tashar kifi ta Biritaniya, amma aikin da dubban mutane ke yi ya koma hannun jirage kaɗan da injunan fiɗa. Masuncin yau yana sa kayan roba da na nailan, ga suwaitar inji mai arha. Rigar makonni ta rasa mai jiranta.

Da yake ba a rubuce zanen yake ba, kowace tsohuwa ta mutu sai ta tafi da nata. Wata mata 'yar Ingila, Gladys Thompson, ta bi garuruwan bakin teku tana kwafe zane daga jikin masunta, ta fitar da littafi a 1955. A Wick akwai wani gidan masu ɗaukar hoto, zuriyar Johnston, da suka yi aiki daga 1863 zuwa 1975, kuma dubban hotunansu sun tsira. Yau masu saƙa suna ƙara girman hoton wani masunci da ya mutu tuntuni, su ƙirga idon saƙar ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya, su maido da zanen. Gidan tarihin su na Sikotland da ke Anstruther, wanda aka buɗe a 1969, yana ajiye da irin waɗannan riguna, kuma a 2020 ya fara wani shiri na tattara bayanansu daga ko'ina cikin ƙasar. Akwai masu saƙa ta har yanzu, sai dai masu sayen yawancinsu ba su taɓa jan taru ba, kuma guda ɗaya ta hannu takan kai ɗaruruwan fam.

Saboda haka, 'yan'uwa masu kwance dila, ba mu ce za ku riƙa cin karo da ita kullum ba, abu ne mai wuya. Amma in suwaita mai duhu ta faɗo hannunku kuka ji ta da nauyi fiye da girmanta, ku juya cikinta. Ku duba gefe da gefe, in inji ne za ku ga ɗinki, in ta hannu ce ba za ku gani ba. Ku ɗaga hannun ku duba hammata ko akwai ɗan ƙarin nan mai kusurwa huɗu. Ku ɗaga ta sama wajen rana, in haske bai ratso sosai ba, saƙar ta matsu. In ta cika waɗannan, kada ku jefa ta cikin tulin na rahusa, ku ware ta gefe. Wanda ya saya kuma ku gaya masa kada ya wanke ta da ruwan zafi, kada ya murɗe ta, kada ya rataye ta a igiya. A shimfiɗe ake shanya ta, a inuwa.

Nan za mu tsaya, don mun ga mai kula da lokaci yana ta duban agogo. Mai tambaya yana iya samunmu bayan an tashi.